Haƙorin da Aka Binne da Sekove

Ina cikin ɗaura zanen aiki Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin girki. Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Goggonki Unaisi ta sake ganin Sekove a mafarki," ya ce. "Yana zaune a gindin itacen balawa, jikinsa sharkaf da ruwa, yana tambayar ina kike."

"Baba, mutum ya cika ciki da gwaza da ƙaguwa ya kwanta, ai dole ya yi mafarki."

"Litiana!"

Na ci gaba da ɗaura zanena. Idan Baba ya kira sunana haka, har kajin gidan natsuwa suke yi.

"Ranar Lahadi bayan coci mutanen goggonki za su zo. Ki ce kin yarda da ɗanta Maikeli, kowa ya samu barci. Wancan Ba'indiyen naki kuwa, ki cire shi a ranki. Ba shi da ƙasa, ba shi da dangi a nan. In kin mutu a gidansa, a ina zai binne ki?"

"Ban taɓa haƙorin ba, Baba. Kai shaida ne, hannuna bai hau kansa ba."

"Je ki faɗa wa wanda ke zaune a gindin balawa."

Ya juya ya tafi, ni kuma na tsaya hawaye na ɗiga a kan zanen da na sha wahalar gogewa.

Sekove ɗan Goggo Unaisi ne, taubashina, irin wanda tun muna yara ake cewa ga mijinki nan. Bara iyayensa suka zo neman aurena da tambuwa, haƙorin nan na babban kifin teku mai igiyar zaren kwakwa. Uba yana iya karɓa, amma magana ba ta ƙulluwa sai ita wadda ake nema ta ɗora hannunta a kansa. Ni kuwa na zauna a kan hannayena biyu har aka watse, domin zuciyata tana wurin Navin, Ba'indiyen da Baba ke faɗa. Baba ya rataye haƙorin a ɗaki, wai zan sauko.

Ban sauko ba har Sekove ya nitse a ƙarƙashin Tsinin Dutse, dutsen nan da ya leƙa cikin teku, yana farautar kifi.

A nan Baba ya yi kuskuren da ya hana garinmu barci. Da za a je ta'aziyya sai ya ɗauki wannan haƙorin ya mayar musu, a zatonsa ya rufe maganar ke nan cikin mutunci. Goggo kuma, da baƙin ciki ya rufe mata ido, ta ɗora shi a ƙirjin ɗanta aka naɗe su tare a tabarma. Sai da aka gama zuba ƙasa wani tsoho ya tambaya, wane haƙori aka sa masa?

Mu duka masu zuwa coci ne, kuma in ana waƙa ba a fin mu ɗaga murya. Amma babu wanda bai san cewa mamaci Tsinin Dutse yake nufa ba, ya jefi itacen balawa, mai saiwoyi kamar ƙafafu, da haƙorin da aka binne shi da shi. In ya same shi, sai ya zauna a gindinsa yana jiran matarsa ta biyo shi. Sekove ya tafi da haƙorin neman aurena a ƙirjinsa. Tsofaffi suka ce maganin abin ɗaya ne, in auri ƙanensa Maikeli, a amsa neman a gidan da ya fito, shi kuma ya wuce abinsa.

Abin haushin, mu ukun a jirgin ruwa ɗaya na yawon baƙi muke aiki. Navin ke tuƙi, Maikeli ke kula da igiya da anga, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ruwa, ni kuma ina riƙe da lasifika ina yi wa baƙi bayanin abin da suke gani.

Baƙin ranar tsofaffi ne daga Ostareliya, sun shafe fuska da farin mai, kowa da hularsa da kyamararsa. Ina taimaka musu suna hawa Maikeli ya matso kusa da kunnena.

"Amaryar gidanmu, wa ya taɓa min ke kika yi kuka?"

"Maikeli, kama igiyarka."

"Na kama. Ranar Lahadi kuma in kama mai igiyar."

Taubashi ne, yana da izinin tsokanata har gaban Baba. Amma tun rasuwar yayansa tsokanar tasa ta daina ba ni dariya.

Navin na wurin tuƙi. Ya dube ni ta gefen ido, ya ga kumburin fuskata, ya tada inji da ƙarfin da bai kamata ba.

Muka shiga tsakanin itatuwan bakin ruwa masu saiwoyi a waje. Kullum a nan baƙi ke samun abin da suka biya dominsa: zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ƙaguwoyi masu jan hannu na guje-guje a taɓo, jemagu na rataye a rassa suna faɗa da juna kamar mata a bakin famfo. Ranar duk suna nan, amma babu mai motsi. Jemagun nan ko ƙara ba su yi ba, idanunsu a buɗe da rana tsaka, jirgi na tafiya suna juyo da kai suna binsa da kallo.

"Kai, dube su, kamar sun san mu!" in ji wata tsohuwa mai faffaɗar hula, Madam Beryl, wadda tun da ta hau bakinta bai huta ba.

Na yi mata murmushin aiki, na ci gaba da bayani. Ni kaina ban san abin da nake faɗa ba.

Da muka fito sarari, ruwan ya kwanta lumui har ana ganin duwatsun murjani a ƙasa. Wani kunkurun teku ya ɗago kai, baƙi suka yi ta ihu suna ɗaukar hoto. Ni abin da nake kallo daban. Macijin ruwa mai zobban baƙi da fari yana bin gefen da nake tsaye. Na koma ɗaya gefen, na leƙa, ga shi nan ya zagayo.

"Ya san ke," Maikeli ya ce a hankali. Wannan karon bai yi dariya ba.

Lambun da muke kai baƙi na wani Bature ne mai gonar kwakwa da ya mutu tun zamanin kakanni, garinmu ke kula da shi yanzu. Yana kwance a bayan Tsinin Dutse. Ruwa ya janye a lokacin, gadar katakon da ake sauka a kai ba ta isuwa, dole Navin ya sa Maikeli ya saki anga a ƙarƙashin dutsen, muka ƙarasa da ƙaramin kwalekwale. Babu wanda ya faɗa, amma mu ukun mun san a kan wane ruwa muka bar jirgin.

Na zagaya da su yadda na saba. Jan furen citta da ya fi mutum tsawo, kurmin gora mai kuka in iska ta taɓa shi, furannin da ke maƙale a jikin tsofaffin mangwarori, tafkin da ganye ya rufe. Ƙanshin wurin ya yi nauyi ranar, irin na ɗakin da aka kwantar da gawa aka cika shi da fure. Da na sallame su su sha ruwan kwakwa su huta, sai na ji an kama gefen zanena.

Navin ne. Ya ja ni bayan kurmin gora.

"Faɗa min."

"Lahadi," na ce, sai kuka ya ƙwace min. "Lahadi za su zo, Navin. Baba ya ce in cire ka a raina. Ta yaya ake cire mutum a rai? Da wuƙa?"

"To ki zo mu tafi garin Labasa. Mamata ta share miki ɗaki tun tuni, kullum sai ta tambaye ni ina 'yarta."

"In tafi in bar Baba da me? Duk wanda ya yi tari a garin nan za a ce ni ce. Duk kwalekwalen da ya kife za a ce Sekove ne ke neman matarsa. Goggo ta rame ta zama ƙashi, ka gan ta kuwa?"

"Na gan ta. Ni ma na rame, ba wanda ya gan ni."

"Kada ka yi min haka."

"Liti, a bakin tekun nan aka haife ni. Yarenku na fara ji kafin namu. Na ɗauki gawar Sekove da hannuna daga ruwa, babanki na tsaye yana kallo. Me kuma zan yi in zama mutum a idonsa?"

Muryarsa ta karye. Ban taɓa ganin hawayen Navin ba sai ranar, kuma na tsani kaina da na zama sanadinsu.

"Ke kin yarda da maganar nan?" ya tambaye ni. "Tsakaninki da Allah, kin yarda yana zaune can yana jiranki?"

Na so in ce a'a. Na yi karatu, na yi shekaru ina faɗa wa Turawa wannan labarin da lasifika suna dariya ina dariya.

"Ban taɓa haƙorin ba," na ce. "Abin da nake riƙe da shi ke nan. In dai hannuna bai hau kansa ba, ba shi da hakki a kaina, ko yana raye ko yana mace."

Ya share min fuska da bayan hannunsa. "To riƙe shi da kyau. Ni ma shi zan riƙe."

Muna fitowa muka hango Madam Beryl tana tahowa daga ƙarshen lambu, ta wajen da shinge ya karye, inda ƙaramar hanya ke hawa Tsinin Dutse. Na gargaɗe su kada kowa ya bi ta nan, amma ita irin mutanen nan ce da gargaɗi ke ƙara musu ƙaiƙayin ƙafa. Tana tafe tana haki, tana lilo da wani abu a yatsa ɗaya.

"'Yata, zo ki ga abin da na tsinta! A jikin wani itace mai ƙafafu na same shi, ya kafe a ɓawon kamar an jefa shi. Ƙaho ne ko me?"

Ta miƙo min shi. Santsin hanya ya kwashe ta, igiyar ta zame daga yatsanta.

Tun kafin in iya magana aka koya min cewa tambuwa ba ta faɗuwa ƙasa a gaban mutum yana kallo. Ban yi tunani ba. Jikina ne ya yi abin da aka raine shi a kai. Sai ganina na yi a durƙushe, hannuna biyu a tallafe da shi.

Sanyi gare shi, kuma a jiƙe yake. Ƙasa ja ta maƙale a zaren igiyar. Ga ɗan ɓallin nan a tsininsa, ga ƙullin da aka yi wa igiyar inda ta taɓa tsinkewa. Na san shi. Na yi yini guda ina kallonsa a kan tabarmar Baba ina zaune a kan hannayena.

"Liti," Navin ya kira ni. "Liti, sake shi."

Yatsuna suka ƙi buɗewa.

Na ɗago kai na ga Maikeli tsaye da adda da kwakwa a hannu. Nan take wani abu ya taso min, rabi fushi rabi murna, domin na ga mafita.

"Kai ne!" na yi ihu. "Kai ka zare shi kafin a binne, ka je ka kafa shi a can don ka tsorata ni! Maƙaryaci! Da gawar yayanka kake wasa, Maikeli? Ka ce kai ne!"

Kwakwar ta suɓuce masa. Fuskarsa ta yi fari kamar toka.

"Ka ce kai ne, don Allah," na sake cewa, yanzu roƙo nake yi. "Ba zan faɗa wa kowa ba. Na rantse ba zan faɗa ba."

"Ni na naɗe tabarmar," ya ce. "Ni na ɗaure ta. Yana kan ƙirjinsa, Litiana, hannunsa na kai. Da idona na gani aka zuba ƙasa."

"Ƙarya kake!"

"Da ma ƙarya nake." Ya ja da baya, ya sake ja. "Kin taɓa. Kin durƙusa kin karɓa da hannu biyu. Ba ni kika amsa wa ba."

"Maikeli…"

"Kada ki kira sunana! Ku gaya wa Kawu na janye. Ko a kyauta ba na so. Ba zan yi takara da Yaya ba."

Mutumin da ya hana ni sakat tun rasuwar yayansa, ga shi yana gudun inuwata. Da jiya ne da na yi rawa. Yau kuwa ji na yi kamar an rufe ƙofa ta ƙarshe an bar ni a waje.

Madam Beryl na ta ba da haƙuri, ba ta san laifin me ta yi ba. Sauran baƙin sun yi cirko-cirko.

Sai Navin ya cire hularsa. Ya zauna a ƙasa a gabana ya tanƙwashe ƙafa yadda mazanmu ke yi a gaban manya. Ya kama yatsuna yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya har ya zare haƙorin. Ya kai shi goshinsa, ya ajiye a cinyarsa, ya tafa hannu irin tafin nan mai zurfi na karɓar magana.

"Na karɓa," ya faɗa da yarenmu, da ƙarfi, fuskarsa na kallon Tsinin Dutse. "Sekove, na karɓa daga hannunta. Abin da kake nema, nemi shi a wurina."

"Kai mahaukaci ne?" Maikeli ya daka masa tsawa. "Ka san abin da ka ɗauka?"

"Kun ce ba ni da dangi a nan. To yau na yi."

Ya rataya igiyar a wuyansa, ya miƙe, ya juya ga baƙi da murmushi ya ce musu lokacin komawa ya yi.

Muka shiga kwalekwale. Ina kallon haƙorin na bugun ƙirjinsa duk lokacin da ya ja filafili, ina jin son yaron nan yana yi min ciwo har cikin ƙashi.

Muka hau jirgi. Ruwa ya fara dawowa amma ko ƙwaƙƙwaran motsi babu. Maikeli ya ja igiyar anga, ta ƙi. Ya sake ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Navin ya tada inji ya ja baya, ya yi gaba, jirgin ya karkata, igiyar na nan a miƙe kamar an riƙe ta da hannu daga ƙasa.

Navin ya kashe injin. Ya fara cire riga.

"A'a," na ce. Na sha gabansa. "Yanke igiyar. Maikeli, kawo adda!"

"Murjani ne ya riƙe ta, Liti. Sau nawa na sauka na cire?"

"Ba a nan ba. Ba yau ba. Ba da wannan a wuyanka ba."

"Da shi zan sauka. In mayar masa da kayansa a inda ya bar numfashinsa, in dawo."

"Navin, ka ji tausayina. Zan bi ka Labasa. Yau ɗin nan zan bi ka, ko zane ba zan ɗauka ba. Ka yanke igiyar mu tafi."

Ya riƙe fuskata da hannu biyu, a gaban baƙi, a gaban Maikeli, abin da bai taɓa yi ba.

"In na yanke na gudu, za ki bi ni da jikinki ne kawai. Duk dare za ki farka kina sauraren ƙofa. Ba na son rabinki." Ya yi ɗan murmushi. "Ki tanadar min ruwan kwakwa, ƙishi nake ji."

Kafin in sake kama shi ya faɗa ruwan.

Baƙi suka taru a gefe ɗaya da kyamarori, a zatonsu wannan ma cikin yawon ne. Ruwan garau yake. Ina ganin bayansa yana bin igiya yana ƙanƙancewa, har ya kai inda shuɗin ya yi duhu.

Igiyar ta yi rawa. Ta saki.

"Ya cire!" Maikeli ya yi ihu, ya hau ja da sauri. Angar ta fito tana zubar da ruwa, ta bugi gefen jirgi. Tsofaffin suka yi tafi.

Na tsaya ina jiran kansa ya ɓullo. Kumfa ta taso ta fashe. Wata ta taso, ƙarama. Daga nan ruwan ya koma ya kwanta.

"Navin!"

Tafin ya mutu. Madam Beryl ta dafa ƙarfen gefe ta leƙa sosai, ta kare ido da hularta.

"Kada ki damu, 'yata, ba shi kaɗai ba ne," ta ce. "Ga wani can ya riƙe masa hannu. Abokin aikinku ne? Ban ga lokacin da ya shiga ba."

Na leƙa. Can ƙasa, a bakin duhun, mutum biyu ne. Ɗaya na fizge-fizge yana neman sama. Ɗayan a tsaye yake cak a kan murjani, ya ɗago fuska yana kallon jirgin.

Na cire takalmina. Maikeli ya saki igiya ya cafke damtsena, yana kuka kamar yaro.

"Kada ki shiga! Ba shi yake so ba, Litiana, ba ki gane ba? Riƙe shi ya yi don ki sauko! Ke yake jira!"

"Na sani," na ce.

Na fizge hannuna, na ja numfashi iya ƙarfina, na faɗa.